Maganin mura ba maganin barci ba ne

Da zarar hunturu ya kankama a Kaduna, ƙura ta turnuƙe tun daga Kawo har Kakuri, cinikin maganin mura yakan buɗe a kemis. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne mutanen da murarsu ta warke tun tuni amma ba su daina saye ba. Sun lura cewa in suka haɗiyi Piriton ko suka kurɓi maganin tari bayan isha'i, barci na ɗaukarsu da wuri, sai abin ya zama na kullum. Wasu ma ba sa ɓoyewa, kai tsaye suke ce wa mai kemis, "Malam, ba ni wanda ke sa barcin nan."

Abin da ke kawo gyangyaɗin sinadari ne da aka zuba don ya tsayar da atishawa da yoyon hanci. A bayan kwali za ka ga an rubuta chlorpheniramine, ko diphenhydramine, ko promethazine, ko triprolidine. Aikinsu shi ne toshe wani sinadarin jiki mai suna histamin. A hanci, histamin ne ke jawo ƙaiƙayi da majina. A ƙwaƙwalwa kuwa yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Waɗannan tsofaffin magunguna suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, shi ya sa ido ke nauyi. Wato barcin da ake nema illar maganin ce, ba aikinsa ba.

Illar kuma ba ta daɗewa. Ƙwaƙwalwa tana sabawa da ita cikin kwana uku zuwa huɗu in ana sha a jere, sai ƙwaya ɗaya ta daina kwantar da mutum. Daga nan ake komawa biyu, sai uku. Amma bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani da bugun zuciya ba sa janyewa haka, ƙaruwa ma suke yi da ƙaruwar ƙwaya. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a yi amfani da diphenhydramine wajen magance rashin barci mai daɗewa.

Babban haɗarin yana cikin magungunan haɗi, irin waɗanda ake sayarwa a ƙaramin kati na mura da zazzaɓi. Ƙwaya ɗaya takan ƙunshi abu uku: parasitamol miligiram 500, maganin buɗe hanci, da ɗan chlorpheniramine, sau da yawa miligiram 2, rabin abin da ke cikin Piriton ɗaya mai miligiram 4. Tun da mai sa barcin kaɗan ne, mai neman barci sai ya ninka ƙwayoyin, yana ninka parasitamol bai sani ba. Iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ce a awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500, kuma ba fiye da biyu a sha ɗaya ba. Mu ɗauka mutum ya sha Panadol biyu da safe saboda ciwon kai, biyu da azahar, biyu da la'asar, sannan ya haɗiyi maganin mura uku da dare. Giram huɗu da rabi ke nan, ya ƙetare iyaka, kuma gobe zai sake. Ga wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta na B, wanda da yawa suna ɗauke da shi ba su taɓa gwaji ba, ko mai shan giya, iyakar ta fi haka ƙasa.

Muguntar parasitamol ita ce shirunsa. A ranar farko da ya yi yawa, ƙila tashin zuciya kawai za a ji, ko ma ba komai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya irin na shawara, lokacin hanta ta riga ta ji jiki. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko. Don haka wanda ya san ya zarce kada ya jira alama.

Maganin buɗe hancin kuma, pseudoephedrine ko phenylephrine, yana matse jijiyoyin jini ne. Yana ɗaga hawan jini, pseudoephedrine kuma yana hana barci. Wasu haɗin har da kafin a ciki, sinadarin da ke cikin goro da kofi. Kamar mutum ne ya taka burki da totur lokaci guda: jiki a mace, zuciya na dukan uku-uku da tsakar dare.

Sai batun wayewar gari. Chlorpheniramine yakan ɗauki kusan yini guda kafin rabinsa ya fita daga jinin babban mutum, saboda haka wanda ya sha ƙarfe goma na dare, da shi zai tashi asuba, da shi zai hau titi. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, aka wallafa a 2000, ya nuna diphenhydramine miligiram 50 ya ɓata tuƙi fiye da yadda giya ta ɓata shi, kuma jin barci ko rashin jinsa bai nuna wa direbobin yadda tuƙinsu ya lalace ba. Direban da zai kama hanyar Abuja ko ta Zariya da sassafe, da mai keke napep, da mai aiki da inji, su ne wannan ya fi shafa.

Dattawa sun fi kowa shan wuya. Daga shekara 65 zuwa sama maganin ya fi daɗewa a jiki, yana kawo ruɗewa da jiri, tsoho ya tashi fitsari ko alwala cikin duhu ya faɗi ya karya ƙugu. Iyalai kan ce tsufa ne ya sa Baba sambatu, alhali maganin tarin da ke kan taga ne. Namijin da fitsarinsa ya fara fita da ƙyar saboda kumburin furostet, ƙwaya ɗaya na iya tsayar masa da shi cak, sai an sa roba a asibiti. Mai hawan jinin ido ma ya tambayi likitansa tukuna.

A ganina mafi muni shi ne ɗura wa yaro don ya yi shiru, ko a biki ko a doguwar tafiya. Ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba promethazine, domin yana iya danne numfashinsa har ya mutu. A Ingila tun 2009 hukumar magunguna ta ce kada a ba yara 'yan ƙasa da shekara shida irin waɗannan magungunan mura da tari. Wasu yaran ma ba barci suke yi ba, birkicewa suke, su yi ta kuka da fizge-fizge, uwa ta zaci bai isa ba ta ƙara cokali.

Haɗa waɗannan magungunan mura da Valium, ko tiramadol, ko giya, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, ninka danne numfashi ne. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke yankewa cikin barci ya fi shiga haɗari.

Wanda ya riga ya saba, in a kan ƙwaya ɗaya yake, zai iya dainawa. 'Yan dararen farko za su yi wuya, sannan jiki ya daidaita. In ya kai uku ko huɗu kullum, ko yana haɗawa da wani abu, ya rage a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Sannan a nemi abin da ya kori barcin. Sinadarin kafin yakan kai wajen awa biyar kafin rabinsa ya fita, don haka goro, shayin mai shayi da lemon ƙara kuzari su tsaya daga azahar. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. A riƙe lokacin tashi ɗaya kullum, a ajiye waya nesa da shimfiɗa. In an yi kamar minti ashirin barci bai zo ba, a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske har ido ya yi nauyi.

Rashin barcin da ya kai dare uku a mako har wata uku ciwo ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa damuwa, ciwon jiki, ƙwannafi ko yawan fitsarin ciwon suga ne ke ƙarƙashinsa. Ana duba wannan a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, in kuma damuwa ce ko an kasa rabuwa da maganin, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. A tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har da na tari da na gargajiya, don likita ya lissafa parasitamol ɗin da ke shiga jiki a rana.