Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tambayar Yaya da Kilomita 21

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba da labarin komawata aiki, amma ku yi mini haƙuri. Yaya ya zo gaisuwa shekaranjiya, ya ga takalman guduna a bakin ƙofa, ya sake yi mini tambayar nan tasa: "Har yanzu ana yi? To, na nawa ka zo?" Tun da ya tafi abin ke cin raina, don haka yau maganar gudu za mu yi.

Rabin gudun famfalaki, wato gasar da nake shiga, kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Na faɗa wa Yaya wannan har na gaji. Na faɗa masa dubban mutane ke shiga, kuma waɗanda ke gaba sana'arsu ke nan. Jacob Kiplimo ɗan Yuganda ya gama a minti 57 da daƙiƙa 31 a Lisbon a 2021. Lokacin da irinsa ke tsallake layin ƙarshe, ni ko rabin hanya ban kai ba. Ni ma'aikaci ne mai iyali, atisayena kafin gari ya waye nake yi. Abin da na sa a gaba shi ne in gama ƙasa da awa 2, wato kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, ba sassauci har ƙarshe. Yaya bai taɓa tambayata wannan ba. Na nawa ka zo, shi ke nan.

Baffa, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya gane, alhali bai taɓa sa takalmin gudu ba. Ranar da na gama gasata ta farko na dawo ina ɗingishi, farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin, jini ya taru a ƙarƙashinsa. Ya sa na miƙe ƙafar a gabansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙafa ba ta ba da bashi. Abin da ka zuba mata shi za ta biya ka." Bayan kwana biyu ciwon cinya ya kai inda sai da baya nake sauka matakala, ina dafe da bango. Yara suka yi ta dariya, Baffa ya tsawata musu.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa. Na yi ta gudu, ina gamawa a awa 2 da 'yan mintuna, ina komawa.

Sai shekarar da Baffa ya kwanta. Ni ke kwana a asibiti, kowa a gidanmu ya san haka, har wanda ba ya son a tuna. Dogon gudun ƙarshen mako, wanda shi ne ginshiƙin shiri, ya tsaya gaba ɗaya. Na riga na yi rajista, Baffa kuma da bakinsa ya ce in je. Har kilomita 12 lafiya lau. A ta 15 sha-raɓata ta dama ta ɗaure tamau, na tsaya na miƙe ta a jikin turken fitila, ta saki, na yi taku kaɗan ta sake kamawa. Kowace gasa tana da iyakar lokaci, kuma akwai motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda lokaci ya ƙure musu don a buɗe hanya. Ita ta ɗauke ni. A ciki ba mai magana da wani, kowa lambarsa a ƙirji, kansa a ƙasa. Da na koma na gaya wa Baffa, ya yi murmushi ya ce, "Ai na faɗa maka, ba ta ba da bashi." Ban yi da-na-sanin ko dare ɗaya da na kwana kusa da shi ba. Yaya kuwa, wanda bai kwana ko sau ɗaya ba, shi ya yaɗa wa dangi cewa a mota na ƙarasa tsere.

Na tsallake wani abu. Kafin wannan, ko bayansa ne, maiɗakina ta taɓa cewa in bari saboda gwiwa. Ita tsoro ne ya sa ta faɗa, ban riƙe ta ba. Ita ce ma daga baya take manna mini filasta a ƙirji saboda gogar riga, don gumi da yadi kan goge fata har ta yi jini.

Ranar da na karya awa 2, Baffa ba ya duniya. Na bi mai saita gudu, wanda ke ɗauke da tuta an rubuta 2:00, na ƙi wuce shi duk da ƙafata na roƙona. A kilomita 18, inda na saba mutuwa, sai na ji da sauran ƙarfi. Na wuce shi. Ina jin muryar Baffa, ƙafa na biyana abin da na zuba mata watanni.

Yaya yana wurin ranar, ni na gayyace shi. Babban agogon da ke saman layi ya nuna 2:03. Wannan agogon yana fara ƙirga ne tun da aka harba bindigar tashi, mu na baya kuwa sai mun yi mintuna muna tafiya cikin cunkoso kafin mu taka layin farawa. Shi ya sa ake maƙala 'yar na'ura a bayan lambar ƙirji, tana ƙirga wa kowa nasa daga layi zuwa layi. Tawa ta ce 1:58. Na nuna masa saƙon a waya, da sunana da lambata. Ya ce, "Ni dai da idona na ga biyu da uku." Har yau haka yake faɗa a taron dangi, ni kuma ƙani ne, ba na musu da shi a gaban mutane. Takardar shaidar tana cikin akwatin da na ajiye carbin Baffa.

Wata mai zuwa akwai wata gasar, agarata ta hagu tana ɗan yi mini magana da safe, likita ya ce in rage tudu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, labarin komawata aiki.