Batirin tsamiya: yau dai ƙwan ya kama

'Yan'uwa masu wasa da wayar wuta, albishirinku. Jan ƙwan LED (ɗan ƙaramin ƙwan lantarki) da nake ta ƙoƙarin kunnawa da batirin haɗin gida ya kama, kuma da jiƙaƙƙiyar tsamiya. Lemun tsami na bar shi, kuɗin da aka gaya mini a babbar kasuwar Katsina bazarar nan sai da na ja da baya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne zubewar wuta. Kofi ɗaya na ruwan tsamiya, da jan ƙarfe da ƙusar kwano a ciki, mitar auna wuta tana ba ni wajen bolt 0.9. Na jera uku, lissafi ya wuce 2.5, alhali jan ƙwai bai neman fiye da 2. Ina haɗawa lamba sai ta zube, hasken ko a ƙuryar ɗaki sai ka ƙura ido. Na kaurara tsamiya, na zuba gishiri, na ajiye a rana ya ɗumama. Mita da ƙyar ta motsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na ɗaga kofin na duba ta gefe, sai ga ƙananan kumfa sun lulluɓe jan ƙarfen tsaf. Iskar haidurojin ce, tana raba ƙarfen da ruwan. Ƙusoshin kuma sun yi baƙi, tsami ya cinye ɗan rufin tutiyarsu. Tutiyar ce ke ba da ƙarfin, in ta ƙare baƙin ƙarfe ya rage, shi kuwa tazararsa da jan ƙarfe kaɗan ce.

Sai na fasa tsohon batirin rediyo, irin mai gawayi a tsakiya, na ciro kwanson tutiyarsa na goge da samfefa (a sa safar hannu, baƙin garin ciki ba abin wasa ba ne). Jan ƙarfen na naɗe shi zobe-zobe don ya yi faɗi, na matso da shi da tutiyar kusa ba su taɓa juna ba.

Faɗin nan bai ƙara bolt ba, kowane kofi yana nan kusa da 0.9. Zubewar ce ta ragu, kuma ita ce matsalar tun farko. Kaurin ruwa ma ku daina sa masa rai wajen ƙara bolt: ko a batirin Daniell na 1836 (tsohon batirin jan ƙarfe da tutiya, kowanne cikin nasa ruwan) mai bolt 1.1, in ka ninka kaurin ɓangare ɗaya sau 10, canjin bai wuce bolt 0.03 ba.

Kumfar dai tana dawowa bayan mintoci, sai na girgiza kofin. Wanda ya san inda ake samun kofa salfet (shuɗin sinadarin jan ƙarfe da ke hana kumfar a batirin Daniell) a cikin gari, don Allah ya taimaka.