Godiya ga waɗanda suka tsaya mana daren da ƙirjin Baba ya riƙe

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya Talata aka sallamo Baba bayan kwana shida a gadon asibiti. Yana gida Tudun Wada, yana cin abinci, har ya fara faɗan an hana shi gishiri. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yafe ni, kaina ne ya ɗau zafi.

Daren Laraba ya dawo daga sallar isha'i dafe da ƙirji, ya ce ƙwarnafi ne, wake ya ci da rana. Mama ta jiƙa masa kanwa, ƙanina ya ruga kemis aka haɗo masa maganin olsa, ko shekarun mara lafiyan ba a tambaya ba. Dukanmu mun yarda olsa ce, ban da maƙwabcinmu da muke kira Kawu, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya. Yana shigowa ya ga zufa ta jiƙa wa Baba riga sharkaf cikin sanyin nan, ga shi yana ta murza hannun hagu da muƙamuƙi. Ya ce, "Alhaji, wannan ba na kanwa ba ne, ku tashi." A motarsa muka bi ta Kwangila muka miƙe asibitin Shika. Kawu, godiyata ta farko taka ce, Allah ya jiƙan mahaifa.

A sashen gaggawa ban gama biyan kuɗin kati ba wata sista ta riga ta manna wa Baba wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Shi ne isiji, gwajin aikin zuciya, kuma ashe ƙa'ida ce a yi wa mai ciwon ƙirji cikin minti 10 da isowarsa. Aka ba shi asfirin ya tauna, aka ɗebi jini. Takarda ta fito lafiya, jini ya fito lafiya, ciwo ya lafa. Baba ya ɗora hularsa ya ce, "To ba na gaya muku ba? Ku mai da ni gida."

A nan ne ake bina bashin neman gafara. Likitan da ke bakin aiki, yaro ne da bai fi sa'an ƙanina ba, ya ce ba inda za mu je, sai an sake gwajin jini bayan awa 3. Na ɓata rai. A zuciyata na ce kuɗin gwaji na biyu ake nema, kuma ina jin fuskata ta faɗi abin da bakina ya ɓoye. Bai yi fushi ba. Ya jawo wata takarda ya juya bayanta, ya ce, "Yaya, zo mu yi lissafi tare."

Abu biyar ya jera, kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2. Yadda ciwon ya zo, da nauyi a ƙirji da zufa da tafiya zuwa hannu, ya ba shi 2. Isiji 0. Shekarun Baba 67, duk wanda ya kai 65 kuwa 2 ne. Hawan jini da ciwon suga, 1, ya ce da a ce akwai taba a kai da ya zama 2. Gwajin jini 0. Ya ja layi ya rubuta 5. Ya ce mai maki 3 zuwa ƙasa shi ne za a iya tunanin sallama, daga 4 zuwa 6 kwana ya kama shi, daga 7 kuwa babu ma zancen jira. Sunan ma'aunin HEART, likitocin ƙasar Holan ne suka fito da shi a 2008. Sannan ya bayyana mini abin da ake nema a jinin, wani sinadari mai suna tirofonin da tsokar zuciya ke zubarwa idan ta ji rauni. Ba ya hawa nan take, sai ya ɗau sa'o'i, mu kuma mun iso da wuri. Wato saurin da Kawu ya yi da mu shi ya sa gwajin farko bai ga komai ba.

Wajen ƙarfe biyu na dare sakamako na biyu ya fito, ya hau sosai. Bugun zuciya ne, irin wanda ba lallai ya nuna kansa a takardar isiji ba. Na dubi hular Baba da ke kan gado, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa. Likita, ban ko riƙe sunanka ba, amma takardar nan mai 5 tana aljihuna har yau. Ka yafe mini kallon da na yi maka. Allah ya yi wa karatunka albarka.

Sistocin dare da suka riƙa zagayowa da abin awon jini, da masu share ɗaki da suka nuna mini inda zan shimfiɗa tabarma, na gode. Jama'ar masallacin unguwa da suka yi karo-karo ba tare da mun buɗe baki ba, abokan Baba na kasuwar Sabon Gari, Gwaggo da ta taso daga Kofar Doka da kunun gyaɗa kullum da safe, 'yan ajinmu na Kongo da suka turo abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Masu son zuwa dubiya, bismillah, amma bayan la'asar, kuma a taƙaita hira don an ce ya huta. Don Allah kada a zo da kilishi ko jiƙe-jiƙe, magungunan da aka rubuta masa sun ishe shi. Nan da sati biyu za mu koma ganin likitan zuciya, a ci gaba da sa mu a addu'a.