Daga Iskandariyya Zuwa Alamain, Inda Aka Tare Romel

Na yi shekara biyu ina karatu a Alƙahira kafin na samu sukunin zuwa Alamain, garin da ke bakin tekun Masar inda aka yi babban gumurzu a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya ja ni can kuwa wata magana ce da kakana ya sha maimaitawa muna yara, cewa a zamanin yaƙin Hitila jiragen sama sun riƙa sauka a Kano suna shan mai suna wucewa gabas, ba tare da talaka ya san inda suka nufa ba. Sai da na girma na gane cewa Masar suka nufa. Tun daga watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi ta Gana, a haɗa su a can, sannan matuƙa su bi da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami (N'Djamena ta yanzu), Fashir da Khartum har bakin Nilu. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya, kuma da yawa daga cikinsu fagen daga na saharar Masar suka dosa.

Na hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis da sassafe, na kwana a Iskandariyya, washegari na ɗauki shatar wata tsohuwar mota muka miƙa yamma. Tafiyar ba ta wuce kilomita 106 ba, kuma yawancinta babu abin gani sai katangun gidajen hutu da suka tsare wa matafiyi teku, waɗanda a lokacin hunturu suke zama kango babu kowa. Kusancin ne ya fara ba ni mamaki. Ban gama cin gyaɗar da na saya a bakin tasha ba direban ya nuna gaba ya ce, "Ya ustaz, ga ta nan." Ashe a watan Yuli na 1942 abin da ya rage tsakanin rundunar Janar Romel na Jamus da Iskandariyya, babbar tashar jiragen ruwan Ingila a gabashin Bahar Rum, bai fi tafiyar hantsi ba, daga nan kuma sai mashigin Suwais.

A gidan tarihin soja na garin akwai wata babbar taswira, kuma a gabanta na fi daɗewa, domin ita ce ta warware mini abin da karatu bai warware ba. Shekara biyu ana yaƙin sahara kamar wasan langa, wannan ya kori wancan, wancan ya juyo ya kori wannan, saboda duk inda aka ja daga, sai abokin gaba ya zagayo ta kudu inda rairayi ba shi da iyaka ya ɓullo ta baya. A Alamain kaɗai wannan dabara ba ta ci. Teku ya tsare arewa, a kudu kuma akwai kwarin Ƙattara, wani makeken rami mai gishiri da taɓo wanda tankar yaƙi ba ta iya ratsawa, tsakaninsu kuwa kilomita 60 ne da 'yan kai. Bayan Tubruk ta Libiya ta faɗa hannun Romel ranar 21 ga Yuni na 1942 aka kama sojojin Ingila da ƙawayenta sama da 30,000, a wannan maƙogwaro ne Janar Okinlek, kwamandan Ingila, ya tsaya ya tare Jamusawa da Italiyawa tsawon watan Yuli. A ganina ba a yi wa mutumin nan adalci ba, domin shi ya tsayar da ambaliyar, amma Cocil, firaministan Ingila, ya sauke shi a watan Agusta, suna kuma ya tafi ga Janar Mantagomari, wanda aka ba jagorancin rundunar a fagen daga.

Daga gidan tarihin muka ƙara gaba kaɗan zuwa wani ɗan dutse da ke gefen titi, wanda sojojin Italiya suka kafa a wurin da suka ɗauka a matsayin iyakar inda suka kai, kilomita 111 daga Iskandariyya. An rubuta a jikinsa da Italiyanci cewa sa'a ce ta gaza, jarumta ba ta gaza ba. Na tsaya ina kallonsa iska tana watsa mini yashi a fuska, na ce a raina da mai suka rubuta a madadin sa'a da sun fi kusa da gaskiya. Kayan Romel daga Italiya suke tsallako teku, jiragen Ingila da ke tsibirin Malta suna nutsar da su, domin an riga an karya asirin saƙonnin Jamus ana sanin ranar tashin jiragen dakon. Abin da ya tsira kuma sai an ɗauko shi a mota daga Tubruk ko Bangazi, wani ma daga Tarabulus mai nisan kusan kilomita 2,000, motocin suna shanye wani kaso na man da suka ɗauko. Shi kuwa Mantagomari rumbunsa na bayan ɗakinsa, ga sababbin tankokin Sherman da Amurka ta aiko.

Da daren 23 ga Oktoba, ƙarfe 9:40, manyan bindigogi sama da 800 suka buɗe wuta lokaci guda. Mantagomari yana da mutum kusan 195,000 da tankoki fiye da 1,000, wato kusan ninki biyu na abin da ke gabansa, kuma Romel ma ba ya nan, yana jinya a Turai, wanda ya riƙe masa kuwa, Janar Shutume, zuciya ta buga masa washegari. Duk da haka sai da aka yi kwana goma sha biyu ana gwabzawa, saboda nakiyoyi kusan rabin miliyan da aka binne, waɗanda sojoji suka riƙa tonowa ɗaya bayan ɗaya da tsinin bindiga cikin duhu. Hitila ya aiko da umarnin kada a ja da baya ko taku ɗaya, amma ranar 4 ga Nuwamba Romel ya juya yamma, ya bar dubban Italiyawa da ba su da motoci a hannun abokan gaba. Bayan kwana huɗu Amurkawa da Ingilishi suka sauka a Maroko da Aljeriya, kafin watan ya ƙare kuma Rashawa suka yi wa runduna ta shida ta Jamus zobe a Sitalingirad.

Maƙabartar Ingila da ƙawayenta tana cikin wani kwari, kaburbura sama da 7,000 a jere reras, kowanne da farin dutse, ga kuma bango mai ɗauke da sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Na bi layi guda ina karanta shekaru: 19, 22, 21, daga Ostireliya, Niyu Zilan, Afirka ta Kudu. Ta Jamusawa a kan tudu take, gini mai kusurwa takwas kamar ganuwa, babu taga, sanyi da shiru. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Italiyawa, domin kusa da ƙofarta akwai ɗan masallaci da maƙabartar sojojin Libiya Musulmi da suka mutu a ƙarƙashin tutar waɗanda suka mallake ƙasarsu. A nan na yi sallar azahar, na yi musu addu'a.

Da na fito na so in taka kudu kaɗan in ga ainihin fagen da idona, sai direban ya riƙe mini hannun riga. Ya ce kada in sauka daga sawun mota, domin har yau ƙasar tana da nakiya, kuma Larabawan ƙauye masu kiwo sun sha rasa ƙafa, wani lokaci har rai, musamman bayan ruwan sama ya motsa rairayi. Na koma mota. Daga tagar ina hango dogayen benaye na sabon birnin Alamain da gwamnati ke ginawa a bakin teku, a hannun dama kuma wani yaro yana kora tumaki ta wata siririyar turba, ba ya barin ko ɗaya ta kauce.