Motsa Jiki a Kan Yashin Kogin Ganga

Jinya ce ta kai ni Indiya. Na raka kawuna birnin Delhi inda aka yi masa aikin gwiwa, kuma kwanan kujera da zaman benci a asibiti suka bar ni da ciwon baya mai hana sunkuyo. Da ɗansa ya iso daga Kano ya karɓe ni, sai Kawu ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, je ka huta, kada mu koma gida da marasa lafiya biyu." Mai gashin ƙashin da ke koya masa taka ƙafa ne ya ba ni shawarar zuwa Rishikesh, garin da ake wa kirari da babban birnin yoga na duniya, wato salon motsa jiki da atisayen numfashi da ya samo asali a Indiya.

Na hau jirgin ƙasa daga New Delhi da sassafe, na sauka a Haridwar kafin azahar, daga nan mota ta ƙarasa da ni sauran tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba. Rishikesh na cikin jihar Uttarakhand, wadda aka cire daga Uttar Pradesh a shekarar 2000, kuma a daidai nan ne kogin Ganga ke fitowa daga tsakanin duwatsun Himalaya ya nufi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda ya saba ganin hotunan kogin a biranen da ke can ƙasa, inda ya yi faɗi ya gurɓace, zai yi mamakin yadda yake a nan: kore shar, garau, mai gudu da ƙarfi, ga sanyi mai ratsa ƙashi, domin daga narkakkiyar ƙanƙarar tsaunuka yake gangarowa. Sunan Ganga ma bai daɗe da hawa kansa ba a wannan wuri, don sai a Devprayag, kimanin kilomita 70 daga garin, ne kogunan Bhagirathi da Alaknanda ke haɗuwa su zama shi.

Masaukina yana tsallaken kogi, saboda haka kullum sai na bi ta Ram Jhula, wata siririyar gada mai lilo da aka rataye da igiyoyin ƙarfe, wadda mutane da shanu da birai ke rububin bi. Tsohuwar gadar Lakshman Jhula kuwa an rufe ta tun 2019 saboda ta gaji.

Bayan na yi sallar asuba a ɗaki nakan gangara wani fili mai farin yashi a gefen ruwa, inda wani malami mai matsakaitan shekaru ke tara ɗalibai kaɗan, yawancinsu baƙi daga Turai. Iskar da ke saukowa daga kwarin duwatsu a wannan lokaci kamar ta tsakiyar hunturu take, sai dai babu ƙura. A nan na gane cewa yoga a fili daban take da wadda ake nunawa a bidiyo cikin ɗaki mai daɓe. Yashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka tsayuwa a kan ƙafa guda takan tilasta wa yatsu da idon sawu da tsokar ciki yin aikin da daɓe ke ɗauke musu. Malamin ya hana mu kallon ruwan idan muna wannan tsayuwa, ya ce mu kafa ido a kan dutsen da ke tsallake, domin ido idan ya bi abin da ke gudu, jiki ma sai ya bi shi. Gaskiyarsa kuwa, don duk wanda ya saci kallon kogin sai ka ga ya yi tangaɗi.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne atisayen numfashi. Mutum zai zauna ya miƙe baya, ya toshe hanci ɗaya da yatsa ya ja iska a hankali, sa'an nan ya sauya ya fitar ta ɗayan, yana tsawaita fitarwar fiye da shaƙar. Rugugin ruwan yakan danne hayaniyar gari baki ɗaya, har ƙararrawar wuraren bauta ta koma can nesa. Ciwon bayan bai rabu da ni gaba ɗaya ba, amma na koma ina ruku'u ba tare da cije leɓe ba.

Akwai wurin da na ja baya. Idan rana ta leƙo ta bayan tsauni, ɗalibai kan fuskance ta su yi jerin motsi 12 da ake kira Surya Namaskar, wanda asalinsa girmama rana ne, wani lokaci har da karanta addu'o'in Hindu. Musulmi ya san cewa a daidai wannan lokaci ko nafila an hana shi, don kada ya yi kama da masu bautar rana. Na yi wa malamin bayani cikin ladabi, bai kuwa yi gardama ba, ya ba ni wasu motsin miƙa baya da cinya in riƙa yi a gefe har su gama. Majalisar malaman Indonesiya ta yi irin wannan rarrabewa a 2009, inda ta haramta yoga mai haɗe da addu'o'i da al'adun bautar Hindu, ta bar wadda take motsa jiki zalla. A ganina masu cewa yoga wasanni ne kawai ba su faɗi dukkan gaskiya ba, musamman a garin da ake ɗaukar kogin kansa abin bauta, ake kuma taruwa kowace yamma a matakalar gidan ibadar Parmarth Niketan ana kaɗa masa fitilu.

Garin kansa ya zama kasuwa. Tun da mawaƙan Ingila na The Beatles suka zo wurin malamin nan ɗan Indiya Maharishi Mahesh Yogi a 1968 Turawa ke tururuwa, kuma bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga a 2014, abin ya ƙara bunƙasa. Kowane lungu akwai allon makarantar da ke alkawarin mai da mutum malami cikin awa 200, abin da ban gamsu da shi ba ko kaɗan. Nama da giya haramun ne a cikin garin, don haka ɗan Kano sai ya haƙura da miyar wake da gurasar chapati. Can da hantsi kuma kwale-kwalen roba na masu wasan tseren ruwa kan fara wucewa da ihu, shi ya sa malamin ke sallamar mu da wuri. Ya ce da damina ta kama a watan Yuli ruwan kan yi ja ya cika ya shanye filin yashin gaba ɗaya, a dakatar da kwale-kwalen, su kuma su kwashe tabarminsu su koma saman soraye har zuwa kaka.