Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Lokacin da na hana 'yata ruwa

A makon jiya mun tsaya ne a inda aka turo Ummi daga ɗakin tiyata cikin tsakar dare.

Da ƙyar na gane ta. Yarinya 'yar shekara 6, ga roba a hanci tana zuƙo wani koren ruwa daga cikinta zuwa leda, ga robar fitsari, ga wata ta fito ta gefen ciki, ga ƙarin ruwa a hannu. Likitan da ya yi aikin ya ja mu gefe ni da babanta. Ya ce taifot ɗin ne ya ci ƙarshen ƙaramin hanjinta har ya huda shi, ƙazanta ta malale a ciki, sun wanke sun ɗinke. Wai haka ciwon yake yi in ya daɗe a jiki, galibi a mako na biyu zuwa na uku, kuma ƙwayar cutar ta gurɓataccen ruwa ko abinci take shiga. Sai ya dube ni ya ce, "Maman Ummi, ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinta sai na ce. Ba shayi, ba zuma, ba rubutu."

Da allurar barci ta sake ta, abin da ta fara cewa shi ne, "Umma, ruwa." Leɓenta duk ya tsattsage. Wata nas ta nuna min yadda zan jiƙa auduga in matse, in goga mata a leɓe. Ummi kuwa sai ta cafke audugar da haƙora tana tsotsa, in ɓamɓare da ƙarfi tana kuka, kukan ma ba ya fita saboda ɗinkin. Na ɓoye filas a ƙarƙashin gado, in ƙishi ya dame ni sai in fita baranda. Matan da ke jinya a gadajen kusa, Allah Ya saka musu, su ma juya baya suke in za su sha. Ran nan da daddare ta kalle ni ta ce, "Umma, ba kya sona ne?" Ban iya ce mata komai ba.

Ana haka sai ga Hajiya, surukata, wadda Ummi ta ci sunanta. Ta zo da kular kunun gyaɗa, da gorar zamzam, da rubutu a kwalba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta ce, "Ke 'yar nan, zamzam ɗin ne zai cuce ta? Takwarata na kukan ƙishi kina zaune?" Ni da ko ido ba na haɗawa da ita a gida, ranar sai da na riƙe bakin gorar ina "Hajiya ki yi haƙuri". Babanta ne ya raba gardamar, ya ce, "Hajiya, a shafa mata a fuska da ƙirji, na sha kuma mu ajiye, ke za ki fara ba ta da hannunki." Ta yi ta faɗa, amma ta yarda. Ni dai ban ga laifinta ba. Masu laifi a wurina su ne 'yan dubiyar da za su cika gado da kuloli, kowa da labarin wani yaron da aka yi wa irin aikin bai tashi ba.

Shi babanta ba a barin maza su kwana a ɗakin, tabarma ya shimfiɗa a baranda cikin ragowar sanyin hunturu. Ga shi abin ya faɗo a Fabrairun 2023, tsakiyar canjin kuɗi, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. A rubuto allurar ceftriaxone da Flagyl da safar hannu, ya fita, ya tura kuɗi ta waya su maƙale, ya koma layin masu POS. Jini leda ɗaya shi ya bayar. Abokan kasuwancinsa na Kantin Kwari suka yi karo-karo suka aiko.

Kullum da safe in likitoci sun zo zagaye, sai su ɗora abin sauraro a cikinta su tambaya, "Ta yi tusa?" Da farko kunya ta kama ni. Ashe hanji in an taɓa shi kwanciya yake yi, fitar iskar ce alamar ya farka. Suka ce mu riƙa tayar da ita tana takawa. Ni in riƙe ta, babanta ya riƙe sandar ƙarin ruwa da ledoji, tana tafe a duƙe tana cewa ta ɓata da mu.

Wata la'asar muna cikin wannan tattakin sai muka ji ta. Ummi ta rufe fuska, ni kuwa na ruga kiran nas. Hajiya da ke kan sallaya, wadda a gida da ranƙwashi za ta bi yarinya a kan haka, cewa take, "Alhamdulillahi, ƙara wata, takwara!" Ɗakin duk aka kwashe da dariya. Washegari aka zare robar hanci, aka ce a fara da cokali ɗaya na ruwa. Hajiya ta buɗe gorarta.

Har mun fara zancen sallama, Ummi na shan koko. Sai wata safiya na ga bandejin ya jiƙe sharkaf, yana wani irin wari. Nas ta ɗaga shi, ta mayar da sauri, ta ce da ni, "Kada ki bari ta motsa," ta fita neman likita.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.