Ko an zuƙe iska, jirgin maganaɗisu ba ya tafiya kyauta

Wani ɗalibina a nan Gombe ya tsare ni bayan darasi da tambaya: "Malam, idan jirgi ba ya taɓa dogo, aka kuma zuƙe iskar da ke gabansa, ashe ba sai ya yi ta tafiya ba tsayawa ba?" Tambayar tana da tushe, domin jirgin gwajin Japan da ya kai kilomita 603 cikin sa'a a shekarar 2015 yana shawagi ne da ƙarfin maganaɗisu kimanin santimita 10 a saman hanyarsa, kuma a irin wannan gudu iska ce babbar abokiyar gabarsa. Duk wanda ya hau babur a hanyar Bauchi ya san yadda take danne ƙirji. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyarta takan ninka huɗu, ƙarfin da inji zai kashe a kanta kuwa ya ninka takwas. Shi ya sa a 2013 attajirin nan Elon Musk ya kawo shawarar bututun da jirgi zai bi ta cikinsa, wanda matsin iskarsa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na wadda muke shaƙa ba.

Washegari na shiga aji da bututun jan ƙarfe da ɗan maganaɗisu mai ƙarfi. Na saki tsakuwa a ciki, ta faɗo nan take. Na saki maganaɗisun, sai ya riƙa sauka a hankali kamar tsoho mai ciwon gwiwa, alhali maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Motsinsa ne ke tayar da lantarki mai kewaya jikin bututun, lantarkin kuma ya riƙe shi, sannan ya rikiɗe ya zama zafi. Haka take faruwa tsakanin jirgin da naɗaɗɗun wayoyin da ke jikin hanyarsa, ko da babu iska ko kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zafin nan. Filas ɗin mai shayi yana riƙe zafin ruwa tun asuba saboda an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayensa biyu. To, bututun da jirgi zai bi ta cikinsa filas ne mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ga fasinjoji a ciki, ga injuna, ga kuma maganaɗisu irin na Japan da ake sanyayawa har digiri 269 ƙasa da sifili. Sannan akwai famfunan da za su kwana suna zuƙe iskar da ke kurɗawa ta kowace mahaɗa, tunda ƙarfe yana miƙewa a zafin Afrilu, ya takure da hunturu. Wutar da famfunan nan ke ci ma a kuɗin tikitin fasinja za ta fito.